Raga ko na'urar amsa-kuwwa wajen bin sawun kiril?

Ɗalibai sun sha tambayar wanne ya fi wajen bin sawun kiril, ƙananan halittu masu kama da jatan lande a tekun Antatika.

Na'urar, wadda ke aika sauti cikin ruwa ta saurari dawowarsa, a kan mitar sauti ta kilohaz 120, tana gano tarin manyan kiril jirgi na cikin tafiya. Amma akwai tsada, kuma ƙwan kiril, da bai kai milimita ɗaya ba, yana nutsewa ɗaruruwan mita kafin ya ƙyanƙyashe, ya ɓace mata.

Raga mai ido milimita 0.2 tana kamo 'ya'yan, a gane matakin girmansu. Matsalarta, gansakuka na toshe idon, manyan kuma suna kauce mata.

Mai ƙiyasta yawan kiril don ƙayyade kamu, na'ura ta fi masa. Mai bin 'ya'yan da igiyar ruwa ke kwasa zuwa tsibirin Jojiya ta Kudu kuwa, sai raga.