Zanen hadari: fentin mai, na ruwa ko akirilik, wanne za ka saya?

Hadari ba ya jiran mai zane. Daga lokacin da ya haɗo gari ya yi duhu zuwa lokacin da ruwa zai kece, gajimare ya riga ya sauya kama sau ba adadi. Ga cikinsa baƙi-baƙi da nauyi, ga samansa fari tas kamar audugar da aka shiƙa, ga wani haske ruwan ɗorawa da ke ratsowa ta ƙarƙashi. Kuma gefen gajimare narkewa yake yi cikin sama, ba shi da iyaka a yanke. Don haka kafin ka fitar da kuɗi, tambayar farko ita ce: fentin da zan saya, tsawon wane lokaci yake ɗauka yana ɗanye? Muddin yana ɗanye kana iya narkar da gefen. Da zarar ya bushe, gajimarenka ya zama dutse.

Fentin mai ya fi kowanne haƙuri. Yakan kwana biyu, uku, wani launin ma ya haura mako bai bushe ba, sai ka ɗauki busasshen buroshi ka riƙa jan duhun ciki zuwa hasken sama a hankali har mahaɗarsu ta ɓace. Launin da ka shafa kuma kusan shi za ka tarar bayan ya bushe. Da shi John Constable, mai zane ɗan Ingila, ya yi nazarin gajimare a Hampstead, arewacin Landan, a shekarun 1821 da 1822. A kan takarda yake zanawa, ya juya bayanta ya rubuta kwanan wata da sa'a da inda iska ke kaɗawa. A zamaninsa cikin mafitsarar dabba ake ɗaure fenti, domin sai a 1841 wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun matsawa da muke saya yau. Matsalar fentin mai ita ce fita da shi waje. Iskar da ke gaban hadari tana ɗauke da ƙura da ganye, duk kuma za su manne a ɗanyen zane. Ga warin sinadarin tsarma shi a rufaffen ɗaki. Idan warin ne damuwarka, akwai fentin mai da ake tsarmawa da ruwa, ka nemi wannan.

Ni dai zuciyata tana ga fentin ruwa. Ka jiƙa takarda, ka ɗiga launi mai duhu, ka zuba ido: da kansa zai bazu ya yi gashi-gashi a gefe, irin yadda hadari ke yi a sama. Ka karkata allon kaɗan, launin ya gangaro ya bar zirin ruwan sama da ke sauka can nesa. Ka dunƙule tishu ka danna, farin gajimare ya fito. Kayan duka ba su wuce ƙaramar jaka ba. J. M. W. Turner, shi ma mai zane ɗan Ingila, wanda ya zana guguwar ƙanƙara tana wujijjiga jirgin ruwa a 1842, zanen da ke gidan adana zane na Tate a Landan, ya bar littattafan zane kusan 300, kuma ya yi aikin sama mai yawa da fentin ruwa. Amma ka sani yana kodewa idan ya bushe, abin da ka gani baƙi ƙirin sai ya koma toka-toka. Dole ka saba zuba duhu fiye da yadda idonka ke so. Gyara ma yana da wuya, farinka shi ne farin takardar, in ka rufe shi ya tafi.

A nan ne mutane ke kuskuren sayayya. Su sayi akwatin launi ashirin da huɗu, sannan su yi rowa a takarda. Na taɓa yin haka. Wata yamma hadari ya yi gangami mai kyau, na jiƙa siririyar takarda mai araha, kafin in ɗauko launi na biyu ta kumbura ta yi tudu da kwari, fentin ya taru a kwarin ya bushe da zobba kamar tabon shayi. Har yau ina jin zafin wannan saman da na rasa. Ka nemi takarda mai nauyin giram 300 a murabba'in mita, wadda aka yi da auduga zalla. Tana riƙe ruwa ta ba ka lokaci. Mai ɗan kaushi ta fi mai santsi dacewa da sama, kuma wadda aka manne gefunanta a dunƙule ba ta lanƙwasa.

Akirilik, wato fenti mai haɗin roba da ake tsarmawa da ruwa, shi ne wanda nake jan kunnen sabon shiga a kansa, ga wannan aikin kaɗai. Cikin 'yan mintoci ya bushe, a rana mai zafi da iska ma tun yana kan buroshi, kuma yana ƙara duhu bayan bushewa. Yana da nasa alheri: ba wari sosai, ana ɗora shafi kan shafi nan take, ya dace da babban kanbas, wato ƙyallen da ake zane a kai. In shi ka zaɓa, ka haɗa da sinadarin jinkirta bushewa da 'yar kwalbar fesa ruwa, ko ka sayi nau'in da aka yi shi don ya daɗe yana ɗanye. Fastel kuwa, wato allin launi, da yatsa ake murza shi ya ba da gajimare mai taushi, sai dai ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya ɓata aikin.

Sai launuka. Kada ka fara da baƙi. Hadari ba baƙi ba ne, ka dube shi da kyau za ka ga shuɗi da shunayya da ruwan ƙasa a cakuɗe. Sunan da ke jikin bututu yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, lambar sinadarin ce ba ta canzawa, ita za ka duba. PB29 shi ne shuɗin altiramarin, PBr7 kuma ruwan ƙasa, ka zaɓi mai ja-ja. Ka haɗa su biyu ka sami toka mai rai, ka ƙara shuɗi ta yi sanyi, ka ƙara ƙasa ta yi ɗumi. PY43 zai ba ka wannan hasken ɗorawa na ƙarƙashin hadari. Don ɗan ja, PV19 ya fi PR83, domin na biyun yana gushewa a haske da tafiyar shekaru. Tokar Payne, mai sunan William Payne, mai zanen fentin ruwa ɗan Ingila, haɗaɗɗiya ce kuma sau da yawa akwai baƙi a ciki. Tana da sauƙi, amma in ka dogara da ita kaɗai samanka zai mutu. Fari iri biyu ne: PW6 yana rufe abin da ke ƙasa, PW4 yana barin a hango shi, ya fi kyau ga hazo. Ko da fentin ruwa kake aiki, ka ajiye bututu ɗaya na farin guwash, wato fentin ruwa mai rufe abin da ke ƙasa, don walƙiya. Launi biyar na ajin ƙwararru sun fi ashirin na ajin ɗalibai, saboda na ɗalibai an rage musu sinadarin launi an cika da wani abu.

Buroshi, ka sayi babba. Faffaɗa mai faɗin santimita huɗu ko biyar, da zagayayye mai laushi mai ɗaukar ruwa da yawa, da siriri guda mai dogon gashi don zirin walƙiya. Ƙaramin buroshi yana sa hannu ya riƙa tsattsaga, gajimare ya fito kamar an ɗinka shi.

Maƙalar zane, wato abin da ake jingina allon zane a tsaye, mai ƙafafun ƙarfe kuwa ka bar ta a shago. Iska za ta kifar da ita, kuma tsayawa a fili ana tsawa haɗari ne, ƙarƙashin bishiya ma haka. Sauti yana cin kilomita ɗaya cikin kusan daƙiƙa uku, don haka in ka ga walƙiya ka ji tsawa ba da jimawa ba, aradun na kusa da kai. Allo mara nauyi da za ka ɗora a cinya, da matsai huɗu masu ƙarfi na riƙe takarda, da jakar leda ta sa zanen sun wadatar, ka zauna cikin mota ka yi aikinka.