Sharhi Kan Ƙaramin Akwatin Kiwon Murjani Mai Lita 50

Akwatin da nake sharhi a kansa irin wanda ake sayarwa a haɗe ne: gilashi mai cin kimanin lita 50, da fitilar LED a jikin murfi, da wani siririn ɗaki a baya inda aka ɓoye famfo da soson tace ruwa. Kamfanoni da dama suna ƙera irinsa, kuma ƙirarsu kusan ɗaya ce, saboda haka abin da zan faɗa zai shafi yawancinsu. Na yi fiye da shekara ina kiwon murjani da jatan lande da dodon koɗi a cikinsa a Abuja. Masu talla suna cewa shi ne ya fi dacewa da sabon shiga saboda ƙanƙantarsa, amma a ganina ƙanƙantar ce ta sa ya fi babban akwati wuyar riƙewa, domin ruwa kaɗan ba ya jure sakaci ko na yini guda.

Ta fuskar ƙira ba ni da ƙorafi mai yawa. Gilashin garau yake, haɗinsa bai taɓa yoyo ba, famfon kuma ba ya ƙara, har mutum zai iya ajiye shi a ɗakin kwana. Fitilar ma ta fi yadda na zata. Murjani dabba ne, amma akwai wasu ƙwayoyin gansakuka da ke zaune a cikin naman jikinsa suna sarrafa haske suna samar masa da mafi yawan abincinsa, shi ya sa haske a wurinsa ba ado ba ne. Da awa 8 zuwa 10 na haske a kullum, murjani masu laushi irin su Zoanthus da Discosoma sun buɗe sosai, sun hayayyafa har sun rufe rabin dutsen. Wanda ke sha'awar masu ƙashi da rassa kamar Acropora kuwa, gara ya nemi wani akwatin, domin hasken wannan da ƙarfin gudun ruwansa ba za su ishe su ba. Ko don masu laushin ma sai da na ƙara wani ɗan famfo mai kaɗa ruwa, saboda na asalin yana barin datti ya kwanta a bayan duwatsu.

Inda aikin yake shi ne gishiri. Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, wato 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa, kuma a nan ake so ya tsaya ba hawa ba sauka. Idan aka zuba dutse da yashi, ainihin ruwan da ke cikin akwatin da ake kira mai lita 50 ba zai wuce lita 40 ba. Ruwa yana bin iska amma gishiri yana nan, don haka lita ɗaya idan ta ƙafe, gishirin ya tashi daga 35 zuwa kusan 36. A lokacin hunturu, da iska ta bushe, ana iya rasa wannan litar cikin ɗan lokaci. Kifi zai iya haƙuri da hakan, jatan lande da murjani ba sa iyawa. Abin da ake cikawa da shi ruwa ne marar gishiri, kuma ba kowane ba: ruwan burtsatse da na famfo sukan zo da sinadaran naitiret da fosfet da ke ciyar da gansakukar da ke ɓata akwati, wani lokaci har da ɓurɓushin jan ƙarfe daga bututu, wanda guba ne ga duk halittar da ba ta da ƙashin baya. Dole sai ruwan da na'urar RO ta tace, wato matatar da ke cire kusan duk sinadaran da suka narke a cikin ruwa. Akwatin bai zo da na'urar da ke cika ruwa da kanta ba, bai kuma zo da ma'aunin gishiri mai madubi ba, alhali waɗannan biyun sun fi yawancin abubuwan da ke cikin kwalin muhimmanci.

Zafi ne ya fi bayyana mini cewa an ƙera akwatin ne da tunanin ƙasashe masu sanyi. Murjani yana son digiri 24 zuwa 26, kuma idan zafi ya zarce abin da ya saba da shi ko da digiri ɗaya ne na tsawon makonni, sai ya kori ƙwayoyin gansakukar nan ya koma fari fat. Abin da ya faru ke nan a babban tudun murjani na Ostareliya a 2016 da 2017, kuma a cikin lita 40 abin ya fi sauri. A watannin Maris da Afrilu, ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya iska yakan kai ruwan digiri 30. Hanya mafi arha ita ce a sa ƙaramar fanka ta riƙa hura saman ruwan, wadda takan rage kimanin digiri 2, to amma sai an ɗaga murfi, ga shi kuma fitilar a jikin murfin take. Ƙarshe dai fitila mai mariƙi na saya na ajiye murfin gefe, wanda hakan ya ƙara saurin ƙafewar ruwa. Wannan shi ne babban aibin ƙirar ga mazaunin ƙasa mai zafi.

Sai batun wuta. Idan famfo ya tsaya, iskar shaƙa da ke cikin ruwan takan ragu cikin 'yan awanni, musamman da dare kuma cikin zafi. Sa'ar da aka yi ita ce famfunan ba sa cin wuta sosai, ƙaramar inbata tana iya riƙe su har gari ya waye. Wanda ba shi da inbata ko sola, aƙalla ya tanadi famfon iska mai batir kafin ya sayi ko dodon koɗi ɗaya.

Game da halittun kansu, takardar da ke cikin kwalin ba ta yi bayanin kirki ba. Sabon akwati yana buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin ƙwayoyin bakteriya masu sarrafa amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin halittun, su kafu, kuma duk abin da aka saka kafin lokacin yana cikin haɗari. Jatan lande mai jan baya da farin layi, Lysmata amboinensis, shi ne ya fi ba ni sha'awa, domin yakan hau hannu yana tsince shi kamar wanzami a bakin aiki. Yana saɓa lokaci zuwa lokaci, kuma saɓar takan yi kama da gawarsa ƙwarai. Shi da dodon koɗi ba a juye su cikin akwati kai tsaye; sai an riƙa ɗiga musu ruwan akwatin a hankali na kimanin awa guda. A cikin dodon koɗi na fi son Trochus, saboda idan ya kife yakan iya juyawa da kansa, saɓanin Astraea da kan mutu a haka. Ƙananan ƙaguwar da ke zama a cikin ƙoƙon dodon koɗi suna da amfani wajen share datti, amma idan ba a zuba musu ƙoƙunan da babu kowa a ciki ba, sukan kashe dodon su gaje gidansa.

A wuri mai ƙunci irin wannan, maƙwabtaka tana da muhimmanci. Murjanin Euphyllia yakan miƙa dogayen hannuwa masu harbi da dare ya ƙone na kusa da shi, Xenia kuma tana yaɗuwa har ta mamaye komai idan ba a keɓe ta a dutsenta daban ba. Wasu nau'o'in Palythoa da Zoanthus suna ɗauke da guba mai tsanani, don haka ba a taɓa su sai da safar hannu da tabarau, ba a kuma tafasa dutsen da suke kai, domin tururin ya sha kwantar da mutane a asibiti. Murjani masu ƙashi suna cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe, wato shigo da su sai da takardar izini, kuma wannan ya sa na fi karkata ga yankakkun murjanin da aka raina a akwatunan wasu masu kiwo, waɗanda dama sun fi jure rayuwar gilashi.

Kulawar mako-mako ba ta da nauyi. Canza kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na ruwan, wato jarka ɗaya mai lita 5, yakan riƙe sinadarin kalsiyam tsakanin miligiram 400 da 450 a kowace lita, alkaliniti kuma, wato ƙarfin ruwa na hana kansa yin tsami, wajen 8 zuwa 9 a ma'aunin dKH, matuƙar murjani masu laushi ne suka fi yawa. A nan ƙanƙantar akwatin ta yi rana, domin buhu ɗaya na gishirin haɗa ruwan teku yakan daɗe.

Zan ba da shawarar sayensa ga wanda ke da tsayayyiyar wuta da ɗaki mai sanyi, wanda kuma ba ya yawan tafiya. Sai dai ya sani cewa na'urar RO, da ma'aunin gishiri, da na'urar cika ruwa, da fanka, da ƙarin famfo, da kayan gwajin ruwa sun ci mini kuɗin da ya zarce na akwatin kansa. Wanda ke da wuri da hali, akwati mai lita 100 zuwa 150 zai fi ba shi kwanciyar hankali da kusan waɗannan kayan.