Kala ta koɗe a jikin kofi: laifin firinta ne ko na injin gasa kofi?

Wa alaikumus salam ƙanwata ta Nima a Accra. Kin ce kin karɓi aikin kofunan biki, kina bugawa da firinta Epson L3210 da tawadar sablimeshan, wadda ake bugawa a takarda a gasa ta hau kofi, amma jan gyalen amarya yana fitowa ruwan goro, gindin kofin kuma ya koɗe kamar an wanke shi. Kina tambaya ko tawada za ki canza ko inji. Kada ki sayi ko ɗaya tukuna. Abin da kika kwatanta ciwo biyu ne daban, ɗaya daga wajen firinta, ɗaya daga wajen wuta, kuma kowanne da alamarsa.

Tawadar nan ba manne wa kofi take yi ba. Idan ta ji zafi sai ta zama tururi, ta shige cikin fentin foliyesta da aka shafe kofin da shi, in ya huce ta zauna a ciki. Firinta ce ke yanke wace kala za ta hau takarda da yawanta. Injin gashi kuwa shi ke yanke nawa ne daga cikinta zai tashi ya shiga kofi. Shi ya sa laifin firinta yakan bi hoton duka, iri ɗaya, a kowane kofi: ja ya zama ruwan goro a sama, a ƙasa, a dama, a hagu. Laifin inji kuwa wuri yake zaɓa. Tsakiya ta yi kyau, gindi ko bakin kofi ko kusa da mariƙi ya yi fari-fari. Kuma kofi na farko da safe ba lallai ya yi kama da na tsakar rana ba.

Kada takardar da ta fito daga firinta ta ruɗe ki. Tawadar sablimeshan a kan takarda kullum dishi-dishi take, sai ta sha wuta kalarta ke tashi. Masu sabon shiga da yawa suna ƙara kala a kwamfuta saboda wannan, su ɓata aikin da lafiyarsa lau.

A wajen inji, baƙi shi ne shaidarki. In baƙin rubutu ya fito da ɗan kore-kore ko toka-toka, wuta ba ta isa ba, ko lokaci ya yi kaɗan. In ya koma ruwan ƙasa, gefen haruffa kuma ya baje, an wuce gona da iri. Kamar masa ce a tanda, ko ɗanya ko ƙonanniya. Kofi mai cin oza 11, wanda yawancinmu ke aiki da shi, yakan so zafi tsakanin digiri 180 zuwa 200 a ma'aunin Celsius (C), na minti 3 zuwa 4, amma kowane inji da halinsa. Ki duba allon naki da kyau: C yake nunawa ko F, wato Fahrenheit? Digiri 400 a F kusan 204 ne a C, digiri 180 a F kuwa 82 ne kacal a C, ko ruwa ba zai tafasa ba. Sannan idan kin saka kofi mai sanyi, zafin injin yakan faɗi. Wani inji sai ya sake hawa yake fara ƙirga lokaci, wani kuwa nan take yake farawa. Saboda haka lambar da wata ta ba ki daga nata injin tana iya zama daidai a wurinta, ta zama ɗanyen aiki a wurinki. In wutar layi ta yi rauni, ko kina kan ƙaramin janareto tare da firji, injin zai daɗe bai murmure ba, sakamakon ke nan ɗaya.

Gindin kofi da ya koɗe miki, a ganina nan ne matsalarsa. Gindi da wajen mariƙi sun fi ko'ina kaurin tangaran, su suke shanye zafi. Ki ɗumama kofin kafin ki naɗa masa takarda, musamman gindin. Ki janye hoton kaɗan daga ƙasa da kuma daga mariƙi. Ki ɗaure takardar tamau da tef mai jure zafi, ki daidaita matsin yadda rufe injin zai ɗan buƙaci ƙarfi, ba ƙarfin fasa kofi ba. In duk da haka ɓangaren da ke wuri guda a cikin injin ne kullum yake koɗewa, ko kin juya kofin sama ta koma ƙasa, to robar zafin da ke rungume kofin ce ta gaji. Ita kaɗai ake canzawa, ba injin duka ba.

Jan da ya zama ruwan goro kuwa, ko kin kwana kina ƙara wuta ba zai gyaru ba. Fara da gwajin bakin tawada, wanda firinta ke buga layuka na kowace kala. In layin wata kala ya yanke, an kama ɓarawo. Rawaya ta toshe, kore zai koma shuɗi, ja ya koma ruwan hoda. In mai ruwan hodar ce ta toshe, ja zai karkata zuwa ruwan goro ko rawaya, fuskar mutum ta yi kore-kore. Wannan ya fi yawa lokacin hunturu, da kuma in an bar firinta mako da makonni ba a taɓa ta ba. Ko babu aiki, ki riƙa buga ɗan abu duk bayan kwana biyu ko uku.

In layukan sun cika, sai zancen furofayil ɗin ICC. Epson ta tsara L3210 ne da tawadarta ta rubutu da hoto, ba ta san kin zuba mata wata ba, don haka da ma'aunin waccan take haɗa kala. Furofayil ɗan fayil ne da ke gaya wa kwamfuta yadda wannan tawadar take fitowa a wannan firintar. Wurin wanda ya sayar miki da tawada za ki nema, kuma na firinta L805 mai kala 6 ba zai yi wa taki mai kala 4 ba. In kin saka shi a Photoshop ko CorelDRAW, ki kashe gyaran kala na firintar kanta, don in su biyu suka sa hannu a lokaci guda, hoton zai fi da lalacewa. Ki kuma tsara aikin a RGB, tsarin kala na allon kwamfuta, ba CMYK da masu buga kalanda da takardun biki suka saba da shi ba. Fatarmu ta fi saurin tona wannan asirin: amarya baƙa kyakkyawa ta fito ja-ja-ja, dangin ango ba za su karɓa ba.

Takarda ta firinta ce, amma laifinta yakan yi kama da na inji. A fuskar da ta fi haske ake bugawa, in kin juya ta baya kala za ta fito a raunane ko'ina. Da damina kuma, da laimar Accra, takarda tana shan danshi ta bar tabo. Ki ajiye ta cikin ledarta a rufe. Kofin shi ma sai wanda aka yi don wannan aikin, fari, mai fenti. Babu farar tawada a sablimeshan, farin kofin shi ne farin hoton.

In har yanzu kina kokwanto, ga gwajin da na fi yarda da shi, kuma ba ya cin kuɗi sai kofi biyu. Unguwar New Town ba nisa da ke, masu wannan sana'a sun cika can. Ki ɗauki takardar da kika buga ki kai wa wanda kika amince da aikinsa ya gasa a injinsa, ki karɓo tasa ki gasa a naki, da kofuna daga kwali ɗaya. Taki ta yi kyau a wurinsa, injinki ne. Tasa ta yi kyau a wurinki, firintarki ce. Ki ɗauko hoton kofunan biyu a hasken rana tare da takardar gwajin layuka ki turo nan, sai mu ga ko zancen sabuwar tawada ma ya taso.