Gargaɗi: mai tallar keke mai giya a Facebook ya cinye mini naira 165,000

Jama'a ku yi hattara da wani mutum da ke tallar kekuna masu giya a Facebook, irin masu ƙatuwar taya na hawa tudu da hanyar burji, yana cewa 'yan Kwatano ne daga Turai aka sauke su. Macuci ne. Naira 165,000 ya karɓa a hannuna, ban da 7,000 kuɗin mota, ya aiko mini da ruɓaɓɓen ƙarfe an shafe shi da fenti.

Kafin wani ya ce ai ni na jawo wa kaina, ya tsaya ya ji. Ban tura kuɗi a kan hoto ba. Na ce sai mun yi kiran bidiyo, muka yi. Ya nuna mini keken, baƙi da ratsin shuɗi, an rubuta Giant a jiki. Na san Giant, kamfanin Taiwan ne, ba ƙaramin suna ba ne a harkar keke. Ya sa hannu ɗaya ya ɗaga shi sama, hannu ɗaya wallahi, ya ce, "Babban yaya, ka gani, alminiyom ne, ba ya tsatsa." Ya juya feda, ya sauya giya, kaca tana hawa tana sauka lafiya lau. Na ce ya kawo wayar kusa da giyar baya, ya kawo, na karanta Shimano da idona, sunan sanannen kamfanin da ke ƙera giyar keke. Ya matse birki ya ce na mai ne, ba na waya ba. To me ya rage mutum ya tambaya? Ku gaya mini, me ya rage?

Wannan ɗagawar da hannu ɗaya ita ke hana ni barci. Keken da ya iso mini da hannu biyu nake ciccibar sa, ina nishi.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 nake tara kuɗin nan da kaɗan-kaɗan, don in huta da kuɗin adaidaita zuwa wurin aiki. Ba kuɗin banza ba ne. 165,000. Da farko 190,000 ya sa, muka yi ta ja, har ya ce saboda ni ɗan'uwa ne ya bar mini a haka, amana ce tsakaninmu. Amana! Da bakinsa ya faɗa, har yana cewa in yi haƙuri zai je masallaci ya dawo mu ƙarasa magana.

Mai gyaran keken unguwarmu, dattijo ne da ya tsufa a sana'ar, shi ya tona komai. Ya ɗauko maganaɗisu ya manna a jikin keken, ya kama ɗam. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, alminiyom ba ya kama maganaɗisu." Ya sa farce a ƙarƙashin sunan Giant, sitika ce, ta ɓantaro. Giyar baya kuwa ba suna ba lamba, alhali ta Shimano ta gaske, ko mai arha ce irin Tourney, za ka ga suna da lambar samfurinta a jikinta. Birkin da aka ce na mai ne, ga waya nan tsirara tana leƙe. Shokozoban gaba ya ƙame, ko ka hau kansa da dukan nauyinka ba ya motsi. Da ya kifa keken don ya duba lambar da ake bugawa a ƙasa, wajen da feda ke juyawa, sai ga wurin an goge shi da abin gurza. Ina tsaye yaran shago suna kallona. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na manta ban faɗa ba, a tashar Unguwa Uku da ke Kano na karɓo keken, mai tallar ya ce daga Kaduna ya ba direba. An naɗe shi da kwali da buhu, an ɗaure tamau da roba, ba yadda za a yi ka kwance a tsakiyar tasha. Direba ba ruwansa, saƙo aka ba shi. Tun a nan na ji nauyin, na kira mai tallar, ya ɗauka, ya ce kwalin ne ya ƙara nauyi. Wannan ne kira na ƙarshe da ya ɗauka. A'a, ya ƙara ɗauka da daddare, ya ce yaronsa ne ya yi kuskure ya ɗora wani keken, gobe zai canza, in turo 7,000 na mota kuma. Ban tura ba. Da gari ya waye ya toshe ni a WhatsApp.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne waldar da ke wuyan keken, inda kan keke ke haɗuwa da jiki. Dattijon ya kankare fentin wurin, sai ga tsaga an cike ta an shafe. Ya ce da na hau na gangara da gudu na faɗa rami, nan zai rabe biyu. Ƙaramin ɗana har ya fara roƙon in ɗora shi a gaba mu zaga unguwa. Mutumin nan ya san da tsagar, shi ya sa aka shafe ta, kuma ya karɓi 165,000 ɗina yana kirana babban yaya.

Na je banki na shigar da ƙorafi, na kuma kai rahoto wurin 'yan sanda. Ina da komai a waya: hirarmu, shaidar tura kuɗi, muryarsa yana rantsuwa, hoton keken da ya nuna da na wanda ya aiko. Zan ɗora su duka da zarar an ba ni dama, don an ce kada in fitar da lambar asusun tukuna. Shafinsa yana nan, ya canza suna, jiya ma na ga ya sa hoton baƙin keken nan mai ratsin shuɗi, mutane suna tambayar farashi.

Kada ku biya kuɗin keken da ba ku taɓa da hannunku ba. Ku tafi da maganaɗisu da mai gyara, ku kifa shi ku duba lamba da walda. Wanda kuma mutumin nan ya taɓa cuta ya yi mini magana mu haɗa ƙara. Ni dai 165,000 ɗina ban yafe ba, Allah ya isa.