Sufana da "wrench": ƙarfe ɗaya ne ko biyu?

Ƙanena, ka ce ka tura wa wani ɗan kasuwa a Sakkwato hoton kile ya ce maka sufana ce, sannan a YouTube ka ji Bature yana kiranta "wrench", shi ne kake son sanin ko abu ɗaya ne kafin ka fitar da kuɗi. Galibi ɗaya ne. Bakin masu faɗa ne ya bambanta.

Mutanen Ingila "spanner" suke cewa. Daga wajensu Najeriya ta ɗauka, Hausawan can suka mai da ita sufana, kamar yadda mu nan Tahoua muka samo kile daga Faransanci. Asalin kalmar Jamusanci ne, a ƙarni na 17 sunan ɗan ƙarfen da ake ɗana bindiga da shi ne. Amurkawa kuwa "wrench" suke kiran duk abin da ke kama kan noti ya juya shi, tsohuwar kalmar Turanci ce mai nufin murɗawa.

Inda ake rikicewa, kowannensu yana amfani da kalmar ɗan'uwansa, amma ga wani abu dabam. A Ingila "wrench" ta fi zama babbar nan mai haƙora ta masu aikin famfo, ko kuma mai auna ƙarfin ɗauri wadda ake ɗaure kan inji da ita. A Amurka in ka ce "spanner" za a miƙo maka mai ƙugiya, irin wadda ake kwance zoben wuyan moto da ita. Saboda haka a Illela, Sakkwato ko Kano, ce sufana kawai. In a intanet kake nema, "wrench" ta fi fito da kaya, don ƴan kasuwar Sin Turancin Amurka suka fi bi.

Ni dai ba sunan ne ke ba ni tsoro a cinikinka ba, lambar da ke jikin ƙarfen ce. Motoci da babura da muke gyarawa, na Japan, na Faransa, na Sin, duk da milimita ake auna notinsu. Toyota 10, 12, 14, 17 take so. Peugeot kuwa 13 ba ta rabuwa da ita. Amurka har yanzu tana yin kayan aiki na inci, za ka ga an rubuta 1/2 ko 9/16. Rabin inci milimita 12.7 ne: ya yi wa noti 12 sako-sako, ya kuma matse wa 13. Shi 9/16 ya ɗan haura 14, zai shiga, ka ɗauka ya zauna, kana ja ya cinye kusurwoyin noti. Shi 3/4 kuwa yana zama daidai da 19 ba gardama. Sayen akwatin inci don ya yi araha, araha ce wadda ba ta ado, sai dai in tsofaffin motocin Amurka za ka riƙa taɓawa.

Kile amolet, mai bakin da ake buɗewa a rufe, kowa da sunan da yake ba ta, amma siffar da muka sani wani ɗan Suwidin ne, Johan Petter Johansson, ya yi mata rajista a 1892. Tana da amfani a gida, famfo ko keke. A gareji kuwa kada ta zama abin dogaronka, bakinta yana wasa, noti mai tsatsa ba ya jin maganarta.

Ka ce wa mutumin Sakkwato sufana mai baki gefe ɗaya, zobe gefe ɗaya, saiti daga 8 zuwa 19, na milimita. Ya ɗauko maka hoton lambobin kafin ka tura kuɗi.