Squid da Rabon Ƙwaƙwalwar Sabar: Ra'ayina Daga Damagaram

Duk mai ɗakin intanet ko cibiyar koyar da kwamfuta a Damagaram ya san cewa layin da ake saya da tsada ba ya wadatar da jama'a, shi ya sa manhajar Squid ta cancanci a duba ta da kyau. Kyauta ce, ana amfani da ita tun 1996, kuma aikinta shi ne ta adana abin da wani ya riga ya sauke, domin wanda ya neme shi daga baya ya samu ba tare da an sake taɓa layin waje ba.

A cibiyarmu da ke Zango na ɗora ta a kan sabar (babbar kwamfutar da sauran ke bi ta kanta) mai ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM, gigabait 8, kuma na gamsu da ita, amma amfaninta ya rataya ne ga yadda aka raba ƙwaƙwalwar. Saitin cache_mem, wanda ke ƙayyade yawan RAM da Squid za ta adana fayiloli a ciki, yana zuwa da megabait 256, wanda ya yi kaɗan, sai dai ba shi ne iyakar abin da Squid ke ci ba. A na'ura mai bit 64, kowane gigabait da aka ware mata a faifai yana cin kimanin megabait 14 na RAM wajen riƙe jerin abubuwan da ta adana, wato gigabait 100 zai kwashe kusan gigabait 1.4. Wanda ya manta da wannan lissafi ya danƙa wa cache_mem komai, ƙwaƙwalwar za ta cika, sabar ta koma juye bayanai a faifai, saurin da ake nema kuwa ya gushe. Ni gigabait 2 na ba wa cache_mem, kuma wajen zaɓen abin da za a riƙe idan wuri ya cika na zaɓi tsarin heap GDSF, wanda ke fifita ƙananan fayilolin da ake yawan nema.

Abin da ke cikin RAM yana gogewa da zarar wuta ta ɗauke, don haka a watannin zafi batirin ajiye wuta ya zama dole.

Babban rauninta shi ne shafukan HTTPS, wato masu sirranta bayanansu, irin su Facebook da YouTube, waɗanda take barin su wuce ba tare da ta adana komai ba, kuma ban yarda a buɗe sirrin masu amfani domin a tilasta mata ba. Inda take taimakawa sosai shi ne sabunta manhajojin tafiyar da kwamfuta na Ubuntu ko Debian a kwamfutoci da yawa, muddin an ɗaga maximum_object_size, wato iyakar girman fayil ɗin da za ta adana, daga megabait 4 da yake zuwa da shi.