Sharhi kan ƙaramin ma'aunin sanyi na firiza

Babbar firiza mai murfi a sama tana da wani hali da mai sayarwa ba ya faɗa: idan aka ɗauke wuta naman ciki ya saki, sannan aka dawo da ita kafin wani ya buɗe, sai ta sake daskarar da shi tamkar babu abin da ya faru. Saboda haka ne bayan Babbar Sallah, da naman layya ya cika firizarmu a unguwar Mabera ta Sakkwato, na sayi ƙaramin ma'aunin sanyi mai batir, wanda ake zura kan wayarsa ciki, allonsa kuma ya zauna a waje yana nuna sanyin da ake ciki da kuma iyakar ɗumin da firizar ta kai tun lokacin da aka share shi.

Wannan lamba ta biyu ita ce amfaninsa. Sanyin digiri 18 ƙasa da sifili ba ya kashe ƙwayoyin cuta irin su Salmonella, dakatar da su kawai yake yi, kuma da zarar nama ya haura digiri 4 zuwa 5 sai su ci gaba da hayayyafa. Ƙa'idar Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ita ce ana iya sake daskarar da naman da ya narke a cikin firij ko wanda har yanzu akwai ƙanƙara a jikinsa, amma ban da wanda ya wuce awa 2 a waje, ko awa 1 idan zafin gari ya haura digiri 32. Mu da muke ganin digiri 40 a Sakkwato cikin Afrilu da Mayu, awa ɗayan ce tamu. Hanci kuma ba ya raba gardama, domin nama na iya zama da haɗari bai yi wari ba, kuma ƙwayar cutar Staphylococcus aureus tana barin gubar da tafasa ba ta lalatawa.

A wannan fanni ma'aunin ya biya ni. Ana cewa cikakkiyar firiza da ba a buɗe ba tana riƙe sanyi kimanin awa 48, wadda take rabi kuma awa 24, amma tamu da ke ɗakin girki mai rufin kwano ba ta kai haka a bazara, kuma kwandon sama ne yake fara saki alhali na ƙasa yana nan kamar dutse. Yanzu idan lambar ba ta kai sifili ba, ba a taɓa komai. Idan ta haura kaɗan kuma naman yana da sanyin ƙanƙara, na saman a ranar ake dafa shi, domin dafaffen nama ana iya daskarar da shi bayan ya huce.

Abin da ma'aunin ba zai gyara ba shi ne daɗi. Naman da ya daskare sau biyu ana gane shi da jan ruwan da ya taru ya ƙanƙare a kusurwar leda, saboda ƙanƙara tana yayyaga tsoka ta saki ruwanta. A kasko yakan tsotse ya yi tauri, don haka uwargida take kai shi miya ko farfesu, ba suya ba. Tun daga nan muke ƙulla nama leda-leda, kowace daidai girki ɗaya.

Yana da nakasu. Iskar firiza yake aunawa, ba cikin tsoka ba, shi ya sa buɗe murfi na ɗan lokaci yakan ɗaga lambar, sai an tuna an share ta bayan an rufe. Wayar da ke bi ta ƙarƙashin robar murfi tana barin 'yar kafa inda ƙanƙara ke taruwa, ƙararrawarsa kuma da tsakar dare ta fi son kuka, abin da ya sa muka kashe ta.

Mai sayen nama kullum wurin mahauci ba ya bukatarsa. Wanda ke ajiye rago guda ko kason watanda na tsawon makonni, ina ba shi shawarar ya saya, ya sa kan wayar a kwandon sama, ya kuma tanadi batir na canji.